Geron Yarinya

Zuwa ga autana Sagiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka ƙafarka a ƙasa ba a kan babur ba, don na san halinka, kana iya buɗe ta kana tuƙi. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya raba ka da mugun ji da mugun gani, Ya haɗa ka da mutanen kirki a duk garin da rana ta faɗi maka.

Zan cusa ta a jakarka, ƙarƙashin ƙullin ƙuli-ƙulin da yayarka Rakiya ta aiko maka daga Tofa, don na san nan hannunka zai fara zuwa. Kada ka yi mamaki wai muna gida ɗaya ina rubuta maka wasiƙa. Na gwada da baki, abin ya ƙi. Ranar da ka zauna a zaure kana zayyana mini shirinka, na buɗe baki ya fi a ƙirga, abin da ya fito kawai shi ne Allah Ya kiyaye hanya.

Ka ce za ka riƙa bin garuruwa a kan babur ɗinka, kana ɗaukar bidiyon masu rini da masu saƙa da masu daddawa da yadda ake cin kasuwa, mutane suna kallo a waya. Wanda ya ga zuma ko man shanu ko tabarma ya yi sha'awa sai ya kira ka, ka saya ka sa masa a mota. Ka ce har mabiya gare ka, na ce oho, ashe shehi na haifa ban sani ba. Sannan ka ce, "Baba, ni fa ba zan iya zaman shago ba. Ina so in ga ƙasa, in yi aikin da raina yake so, in ci abinci a cikinsa, kuma babu oga a kaina." Da ka ga na sunkuyar da kai, ka zaci fushi na yi. Ba fushi ba ne. Maganata ce na ji ta fito daga bakinka, wadda na faɗa wa kakanka a wannan zauren, sai dai ni keke gare ni, kai kuma babur.

Saboda haka ba hana ka zan yi ba. Da wane bakin? Ni Iro mai hoto, wanda har yau idan tsofaffin Makoda suka gan ni sai sun ce, "A'a, Malam, yau kana gari?" Kuma shekarun nan da muke ciki ba su bar wa uba ƙarfin ce wa ɗansa zauna ba. Gonar da kakanka ya ciyar da gida guda da ita an raba an sake rabawa, abin da ya zo hannunmu idan ka yi tari a wannan iyakar, na waccan iyakar zai ce maka sannu. Takin zamani ya fi ƙarfinmu, hatsin rumbu ba ya kai mu tsakiyar damina. Sa'o'inka duk sun tafi birni dako da turin baro, ba don suna so ba. Kai aƙalla abin da kake so za ka bi. Je ka, na yarda.

Abu ɗaya tak nake roƙo, kuma zan faɗe shi tun yanzu don kada ka gaji da karatu ka ninke takardar: ruwan shuka ya same ka a gida. Geron yarinya, irin shukarmu na gida, saura ɗan ƙulli guda, zangarniyoyin nan da marigayiya Innarka ta zaɓa da hannunta a kakarta ta ƙarshe, suna rataye a hayaƙin madafi. Ka san abin da ya faru bara. Mun shuka mafi yawansa, ya tsiro gwanin sha'awa, ruwa ya ɗauke, rana ta ƙone shi muna kallo, muka koma muka sayo irin kasuwa. Ɗan abin da ya rage ya tsufa, ƙwari sun fara leƙa shi. Na murje 'yan ƙwayoyi na sa a jiƙaƙƙen tsumma, wasu sun fito, wasu sun yi shiru. Idan bai shiga ƙasa bana ba, ya tafi ke nan. Ni kuwa kafaɗar nan tun faɗuwar da na yi ba ta ɗaga sungumi. Zuba iri da rufewa da diddige zan iya, saran ne ya fi ƙarfina. Duk sauran maganar da ke ƙasa dalilin wannan roƙon ne, tare da 'yan abubuwan da hanya ta koya mini.

Bari in fara da faɗin gaskiya: na ji daɗin yawo. Kada wani ya ce maka tsohonka ya yi nadamar kowace rana. Ina! In ɗaure kyamara a kariyar keke, in naɗe labulen hotona mai zanen jirgin sama, in isa kasuwa tun kafin mahauta su gama fiɗa, in kafa labule a gindin tsamiya. Samari su yi layi, agogo ɗaya da tabarau ɗaya suna zagayawa hannu hannu, kowa ya dafa jirgi kamar nasa ne. In kai fim birni a wanke, kasuwa mai zuwa in dawo da fuskokin mutane a jaka. Akwai wata mata mai sayar da nono da ban taɓa mantawa da ita ba. Na miƙa mata hotonta, ta daɗe tana kallo, sai ta ce, "Wayyo, ashe haka na yi kama da uwata?" Ta zauna a ƙasa tana kuka tana dariya. Irin wannan ne ya riƙa jana, kuma na san shi ne yake jan ka. Ba mugun abu ba ne.

Amma maganar nan ta babu oga, a nan na fara yin kuskure. Na zaci da na bar gandun kakanka na zama mai kaina. Ashe kasuwanni ne za su riƙa juya ni. Yau ta Shanono, gobe wata, jibi wata, kowace akwai waɗanda na ɗauka suna jiran hotonsu, idan ban koma ba a ce mai hoto ya gudu da fuskokin mutane. Yaron shago yana iya durƙusa wa maigidansa ya ce a ba shi kwana biyu zai je gida. Ni wa zan durƙusa wa? Sun yi yawa. Kai naka ma sun fi nawa, tunda a aljihunka suke kwana, kuma na ga yadda kake zabura kana tsakiyar cin tuwo idan wayar ta yi ƙara. To, ka yi abin da ban yi ba. Tun ranar farko ka gaya wa mabiyan nan naka da masu yi maka oda cewa kai ɗan manomi ne, daga sanda hadari ya fara haɗuwa har a gama noman firi ba ka nan. Ka faɗa a bidiyon, ka maimaita, su saba da shi tun kana sabo. Wanda zai yi fushi ya tafi, a sauka lafiya. Idan ka bari sai sun yi yawa sannan ka ce za ka gindaya musu sharaɗi, ba za ka iya ba, ni na gwada.

Sai maganar masauki. A Shanono ina sauka gidan wani tela, Malam Buba, mutumin kirki, Allah Ya ji ƙansa. A shekarar farin nan da ta wuce tun ba a haife ka ba, ina zuwa sai a fito mini da tuwo a kwanon baƙi, in zauna in share shi tas, har ina yabon miya. Sai da aka yi shekaru, babban ɗansa ya girma, muna hira yana dariya ya ce, "Baba Iro, da mun hango kekenka sai mu ce yau kuma da kunu za a kwana." Shi dariya yake yi, ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Rabon yara nake cinyewa ina yabon miya! Mutanenmu ba za su taɓa ce wa baƙo babu ba, ko da su za su kwana da yunwa, kuma bana an koma irin waccan shekarar. Ka riƙa ɗaura ɗan hatsi a bayan babur, kana sauka ka aika cikin gida ka ce tsaraba ce, kada ka ce kuɗin abinci, za ka ɓata musu rai. Idan an kawo kwano, ka ci ka rage. Kuma gidan da ya sauke ka, ka koma ka gaishe su ko ranar da ba ka da aiki a garin.

A wannan shekarar dai, wani a wurin wankin hoto a birni ya ce mini ana neman hotunan fari, matattun dabbobi da ramammun mutane. Na hau keke na nufi dajin Shanono. Na tarar da wani dattijon Bafulatani zaune kusa da saniyarsa, ta faɗi ta kasa tashi, yana kore mata ƙuda da hularsa. Ko sallama ban yi ba na ɗaga kyamara. Ya ɗago ya dube ni, ba faɗa ba zagi, ya ce, "Ɗan samari, da ka zo lokacin da take tsaye." Na riga na danna. Hoton ya fito da kyau, abin haushin ke nan. Sagiru, za ka ga yunwa a hanyar nan, kuma na ji an ce masu kallon waya sun fi tsayawa a kan irin wannan. Kada ka ci abinci da ranar baƙin cikin mutum. Ka yi sallama, ka zauna, ka nemi izini, ka nuna masa abin da ka ɗauka kafin duniya ta gani. Idan mai daddawa ta ce ban da fuskarta, hannunta ya ishe ka. Kuma tunda hanyoyi sun lalace, kada ka nuna garin da kake sai ka bar shi, kada la'asar ta yi maka a daji, komai daɗin hanya.

To, ga wadda nake ta kewaye-kewaye don kada in iso gare ta. Ba sirri ba ce, duk tsofaffin ƙauyen nan sun sani, kai ma ka ji gutsure-gutsurenta a bakin Innarka. Daga bakina ne ba ka taɓa ji ba.

Bazarar shekarar ta yi tsawo. Ina can arewa wajen bakin iyaka, na faɗa cikin jerin bukukuwa, aiki yana ta zuwa. Wata rana da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta kawo ƙanshin ƙasa. 'Yan ci-rani da muke kwana rumfa ɗaya, masu ga-ruwa da masu yankan farce, kowa ya ƙulle tsummansa ya yi tasha da gudu. Ɗaya daga cikinsu ya waiwayo ya ce, "Mai hoto, kai ba ka da gona ne?" Na ce, "Ku dai je ku, ruwan farko ruɗi ne, na biyu zan tara." Haka nake yi kowace shekara ina tsira, saboda kakanka yana nan, shi ke yin sara. Amma tun a ranin wannan shekarar ya riga ya rasu. Wallahi, Sagiru, na yi masa kuka, na zauna zaman makoki, amma ban taɓa tsayawa na ce wa kaina yanzu fa babu mai ɗaukar sungumi a gidanmu sai ni ba. Na biyun da na ce zan tara bai zo ba sai da aka fid da rai, kuma damina ta ɗauke da wuri. Wanda ya shuka da ruwan farko ya sami ɗan abin kaiwa baki, wanda ya jira kara kawai ya girba.

Ka tashi a gona, amma ban sani ba ko ka taɓa lura da wannan: ranar shuka ba a aron mutum. Ana gayyar noma, ana gayyar girbi, ana gayyar ɗora jinka, amma safiyar da ta biyo ruwan shuka kowa yana gonarsa yana tsere da rana, don jigawar nan tamu ba ta riƙe danshi. Kuma aikin na mutum biyu ne, ɗaya a gaba yana sara, ɗaya a baya yana zuba iri yana rufewa. Innarka ta aika wa ƙanena, ta aika wa maƙwabta, kowa ya ce in sha Allahu da mun gama namu. Ba mugunta suka yi ba, ni ma da haka zan ce. Da ta ga hantsi yana ɗagawa, matar da tun da aka kawo ta ba ta taɓa taka gona ba, sai ta yafa mayafi, ta ɗauki sungumin kakanka, ta fita ana kallonta. Irin da ke rumbu ta kasa saukowa da shi ita kaɗai, sai ta ɗauki ɗan geron da ta zo da shi daga gidan mahaifinta, mai saurin nuna, wanda take ajiye da shi don fura. A bayanta kuma yarinyar nan ce riƙe da ƙoƙo, babbar yayarku, 'yarmu ta fari. Lokacin ta fara famfara. Uwar tana sara, ita tana bi tana zubawa, tana cika rami da iri don hannunta bai san awo ba, tana rufewa da 'yar ƙafarta. Kusurwar gindin marke kawai suka iya kafin hannun Innarka ya fashe, ƙasa kuma ta bushe.

Na dawo da alewa da 'yan kunne a matsayin tsaraba. Innarka ta ce sannu da zuwa, ta kawo mini ruwa, a nan na ga tafin hannunta. Ba ta taɓa yi mini gori ba, ranar ko bayanta. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Yarinyar kuwa ta kama gefen rigata a ƙofar gida, a gaban mutane, tana cewa, "Baba, zo ka ga gerona! Ni na shuka!" Na zame rigata na ce, "Ke, tafi wajen uwarki." Ka san al'adarmu da ɗan fari. Ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta, ba na yi mata wasa a kan idon jama'a, don kada a ce Iro ba shi da kunya. Sau nawa tana ganin na shanya labulen hoto a tsakar gida ta ce, "Baba, ka sa ni a jirgi." In ce, "Kauce, na mutane ne." Ba fim nake tsimi ba. Tsoro nake ji hoton ya fita, abokaina su samu abin tsokanata a majalisa. Geron nata kuwa na je na gani, washegari da sassafe, ni kaɗai, sanda babu mai ganina. Ya fito cunkus a kowane rami, kore shar. Na tsuguna na daɗe a wurin, raina fari ƙal. Na dawo gida ban gaya mata na je ba.

Da damina ta yi tsakiya rumbu ya ƙare. Muka koma cin ganyen tafasa da dusa, yau a samu gobe a rasa. Sai ƙyanda ta shigo ƙauye. Yaran da ke da ɗan ƙarfi a jiki sun tashi, ita ba ta da shi. Tana kwance tana tambayar uwarta ko geronta ya isa tumu, don an yi mata alkawarin ita za a fara gasa wa. Saura kaɗan ya isa Allah Ya karɓi abarsa. Ina gida a ranar, amma a waje nake, zaune a dakalin ƙofa, don ko a nan ma kunya ba ta bar ni na shiga na riƙe hannunta ba. Mutane suna ta cewa Iro akwai dauriya. Ba dauriya ba ce, Sagiru, wauta ce, kuma har gobe tana ci mini rai.

Kusurwar nan ita kaɗai ta yi zangarniya a duk gonarmu. Da aka kawo 'yan dammunan gida, muna cikin yunwar da ba ka taɓa ganin irinta ba, Innarka ta zauna ta tsince waɗanda suka fi cika, ta ɗaure, ta rataye a madafi, ta ce wanda ya taɓa su ba ta yafe ba. Tun daga nan kowace kaka haka take yi, har ta ƙarshe. Maƙwabta da suka ga yana nuna da wuri suka riƙa zuwa suna cewa a sam musu geron yarinya. Sunan ya bi shi ne don daga ni har uwarta babu mai iya faɗin sunanta. Bayan asarar bara na zagaya gidajen da muka taɓa ba su, ko zan samu a wurinsu. Wasu sun cinye nasu da abin ya yi tsanani, wasu ya gauraye da irin kasuwa har ba a gane shi. Wanda ke madafinmu shi kaɗai ya rage.

Innarka kana da ita a wayarka, alhamdu lillahi, kana nuna mini ita tana tankaɗe tana ce maka ka kauce mata da abin nan. Yayarku kuwa babu. A ƙarƙashin gadona akwai akwati cike da hotunan mutanen da ba su dawo sun karɓa ba, fuskokin da ban san sunansu ba, duk suna dafe da jirgi. Tata babu ko ɗaya. Kuma fuskar ta fara ɓace mini. Ina tuna giɓin haƙoranta, ina tuna muryarta, sauran sai in yi ta lalube. Sunanta Binta. Ga shi na rubuta, ban taɓa yi ba sai yau. Idan Allah Ya ba ka naka, ka kira shi da sunansa, ka ɗora shi a wuya ka zagaya gari, masu dariya su yi ta yi. Kuma kafin ka cika wayarka da mutanen wasu garuruwa, ka biya Tofa ka ɗauki 'ya'yan Rakiya. Tsohon nan ma idan ka ga dama ka ɗauke shi, ba zai ce ka kauce ba.

Kada ka zaci bayan wannan na jingine keke. Ban jingine ba, da shi na ciyar da ku, kuma son hanya bai fita daga raina ba. Amma tun daga shekarar hadari bai ƙara haɗuwa ina wani gari ba. Na rasa kasuwanni, wasu masu hoton sun kafa labule a gindin tsamiyata, na dawo na sake nema, kuma ban mutu ba. Abin da nake so ka gane ke nan: ana iya yin duka biyun. Ka yi yawonka rani guda, ka ga ƙasa, ka yi cinikinka da gaskiya, kada ka tura wa mutum zumar da ba ka ɗanɗana ba. Ni dai sai da na binne 'ya sannan na koyi juyowa, kai ga shi ana gaya maka kana zaune lafiya.

Kada ka jira kirana. Ka san da hadari ya taso layin waya yake ɗaukewa a ƙauyen nan, kuma ko ya shiga, kafin ka taso daga inda kake ƙasa ta sha iska. Ka riƙa ɗaga kai daga wayar kana duban sama. Idan ka ga shamuwa ta sauka a kan itatuwa, gawo ya fara zubar da ganye, iska ta juyo tana kawo laima, to ka sallami kowa ka juyo da kan babur. Gara ka zo ka zauna kana jiran ruwa kana yi mini ƙorafi. Kada ka ce za ka turo a ɗauki ɗan ƙwadago, ranar babu shi, yana gonar ubansa. Rakiya ta ce in yi binne tun kafin ruwa, in bi a hankali da 'yar fartanya. Na ce a'a. Idan yayyafi ya taɓa shi ya tsiro sannan rana ta buɗe, shi ke nan, ba ni da na sakewa. Sai ƙasa ta sha sosai. Kuma don Allah, duk wanda ya ce maka ruwan farko ruɗi ne, ko da zuciyarka ce, kada ka saurare shi.

Na kai sungumin kakanka maƙera an gyara masa baki, na jingine shi a bayan ƙofar zaure. Ranar da aka yi ruwan, gari na wayewa zan murje zangarniyoyin a ƙoƙo in tafi gindin marke in tsaya. Idan na ji ƙarar babur, alhamdu lillahi, ka shiga gaba kana sara, ina bin ka ina zubawa, yadda Binta ta bi uwarta. Idan ban ji ba, wallahi ba zan yi maka baki ba, zan durƙusa in tona da hannu ɗaya iya inda ƙarfina ya kai. Amma ka zo, Sagiru. Ba don geron kaɗai ba. An taɓa jirana a gonar nan ban zo ba, na san abin da wanda bai zo ba yake ɗauka har tsufansa, kuma ba na so ka sani.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya. Ya sa albarka a sana'arka, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutum, Ya sa ka gama da duniya lafiya. Allah Ya ji ƙan Innarka da Binta da kakanka, Ya ba mu damina mai albarka, Ya nuna mana ranar tumu ni da kai. Amin.

Ka huta lafiya.

Mahaifinka,
Iro mai hoto